Me ya sa katun na biyu ko dai ya zama shirme ko ya sa yara kuka?

Maman Ƴan Biyu (Mamobi):
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga masu bin katun ɗin nan na yara. Ni dai na lura duk fim ɗin da na farko ya yi daɗi, in aka zo na biyu sai ɗaya cikin biyu, ko a cika shi da ihu da faɗuwa da surutu har ka rasa ina labarin ya dosa, ko kuma a ɗauko wani baƙin ciki mai nauyi a aza wa yaro a ka. Cars na farko muna son shi ni da yaran, akwai natsuwa a ciki, amma Cars 2 tun daga farko har ƙarshe harbe-harbe ne da leƙen asiri da bakin Mater, tsohuwar motar nan mai jan motoci, da baya rufuwa. Shi kuma How to Train Your Dragon 2 sai ga shi an kashe baban yaron a gaban idonsa, Hassanata daren nan ko tuwo ta ƙi ci. Wai masu yin abin nan basu iya tsakaitawa ba ne? Kuma wanne zan sa musu a hutun nan, ƴan biyun shekara 6, yayansu 10.

Ɗan Aboabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kika gani a Cars 2 ba kuskure ba ne, lissafi ne. In fim ya fito aka ga wane ne yara suka fi so, wane ne aka fi sayen ƴar tsanarsa da jaka mai hotonsa, to a na biyu sai a jawo shi gaba a ba shi fim ɗin gaba ɗaya. A Cars na 2006 Mater abokin tafiya ne kawai, ya zo ya yi wautarsa ya koma gefe, labarin kuwa na McQueen ne, motar tsere mai girman kai da ya maƙale a ƙaramin gari ya koyi ganin darajar mutane. A 2011 sai aka juya abin, Mater ya zama jarumi McQueen ya koma ɗan rakiya. To shito yana da daɗi a kan wakye amma ba wanda zai sayi kwanon shito zalla ya zauna ya cinye. Su kansu Pixar, kamfanin da ya yi fim ɗin, da suka zo Cars 3 a 2017 ai sun mayar da Mater gefe, suka koma kan McQueen da tsufa da sabbin motoci da suka fi shi gudu. Haka Minions, ƙananan halittun nan masu launin rawaya, a Despicable Me na 2010 dariyarsu tana aiki saboda akwai labarin Gru da marayun nan mata uku a ƙarƙashi, da aka ba su nasu fim a 2015 kuɗi kam an samu sosai amma ni ban iya tuna komai a ciki ba sai ayaba.

Malama Asawase:
Ƙanwata ni a maganar kuka ban goyi bayanki ba gaskiya. Mu da muka tashi ana mana tatsuniya da dare, Gizo na ba mu dariya amma a cikin tatsuniyoyin nan akwai marainiya da kishiyar uwa, akwai dodo, kuma ba mu lalace ba. Lion King tun 1994 Mufasa uban ɗan zakin ke mutuwa yara na kuka suna cewa a sake sa musu. Abin dubawa shi ne kukan ya samo asali daga labarin ko an liƙa shi ne dan a ce fim ɗin yana da zurfi.

Ki duba Kung Fu Panda, ni a wajena babu wanda ya kai shi iya wannan haɗin. A na farko, 2008, abin dariya ne kawai a ce ƙaton panda wai babansa dinya ne mai sayar da taliya, ba a yi bayani ba, kowa ya yi dariya aka wuce. A na biyu 2011 sai suka ɗauki wannan abin dariyar da kansa suka tambaya, to yaya aka yi haka? Sai ya zama ashe tsintarsa aka yi yana jariri a cikin kwandon kayan lambu a bayan shago, uwarsa ce ta ɓoye shi a ciki ta ja hankalin maharan suka bi ta, saboda ɗawisun nan Shen ya sa a hallaka pandoji dan wata mai duba ta ce mai baƙi da fari ne zai kayar da shi. Kuma duk da nauyin abin basu daina wasa ba, lokacin da Po, pandan, yake gaya wa abokiyarsa Tigress cikin damuwa wai ya gano babansa ba shi ya haife shi ba, kallon da ta yi masa kaɗai ya isa ki faɗi dan dariya, kowa ya sani sai shi. Dariyar da kukan duk daga wuri ɗaya suke fitowa, ba a ɗauko ɗaya daga waje ba. A zango nan gida nawa ne ba ɗan riƙo? Yaro na hannun gwaggonsa ko kakarsa iyaye na Tamale ko Bawku ko ma Najeriya. Wurin da Po ya dawo gida ya ce wa dinyar nan shi ɗansa ne, na ga yaran ajina da suka yi tsit a wurin kuma na san dalili.

Direban Trotro Nima:
Ku dai kuna da lokaci wlh. Abin duk kuɗi ne, Ice Age daga 2002 zuwa 2016 sau biyar suka yi shi, me ya rage a labarin? Amma bari in faɗi wani abu da baku kawo ba. Yaranmu ƙanana rabin turancin nan basa ji, dan haka faɗuwa da gudun da Hajiya ke kira shirme shi ne kawai rabonsu. Kuregen nan Scrat da ke bin ƙwallon itace ko kalma ɗaya baya faɗa amma shi ke kashe yarana da dariya. Shrek 2 kuwa da manya ke yabo, yawancin barkwancinsa tsokanar Hollywood ce da shagunan Amurka, ɗan shekara shida a Nima ina ya san su. Shi dai kyanwa mai takobi ta buɗe manyan idanu ya isa.

Mai Zane (Tek, Kumasi):
Baba direba ka faɗi gaskiya, kuma masu yin fim sun san da haka shi ya sa suke sa dariya hawa biyu, ta ido dan yara ta baki dan iyaye. Ni abin da zan ƙara na wajen aiki ne. Kafin a yi fim ɗin sosai ana zana shi duka a hotuna marasa motsi a haɗa da muryoyi na wucin gadi a kalla, a rushe a sake, shekaru ana wannan, kuma a nan ne ake yanke ina wasa zai shiga ina zai yi shiru. Cutar da ke kama na biyu da yawa ita ce tsoron shiru, da an zo wurin tausayi daƙiƙa biyar ba a yi ba sai wani ya faɗo da barkwanci kamar suna jin kunyar abin da suka fara. Ku kalli Puss in Boots: The Last Wish na 2022, kyanwar ta ƙarar da rayuka takwas saura ɗaya, yadda takwas ɗin suka tafi an nuna shi da dariya zalla, amma wurin da tsoro ya kama Puss ɗin a daji yana haki zuciya na bugawa, ƙaramin karen nan da duk fim ɗin shi ne sarkin surutu ya zo kawai ya ɗora kai a cikinsa bai ce uffan ba. Da ya yi wasa a nan da an ɓata komai. Toy Story 2 ma haka, 1999, labarin ƴar tsana Jessie da yarinyar da ta girma ta bar ta a kwali bakin hanya, waƙa ce kawai ba wasa ko ɗaya. Abin mamaki shi wannan da farko na kaset aka shirya shi ba na silima ba, daga baya aka sake ginin labarin. Moana 2 na 2024 kuma shirin Disney+ mai dogon zango aka fara yi sannan aka mayar da shi fim, ni dai a ganina ana jin ɗinkin, ƴan rakiya sun yi yawa kowa na jiran nasa lokacin ban dariya.

Maman Ƴan Biyu (Mamobi):
Kai na gode sosai, Allah ya saka. Malama na ji maganarki amma fa ke ba ke za ki tashi ƙarfe biyun dare rarrashi ba, hhh. To Mai Zane shi na kyanwar nan zai yi wa ƴan shekara 6?

Mai Zane (Tek, Kumasi):
A'a Anti ki dakata da shi tukuna, akwai kerkeci mai jajayen idanu da ke fito yana bin sa da lauje biyu, shi ne mutuwa, ko manya yana sa su tsargu. Ki ba yayansu shi da Inside Out 2, yarinyar ciki shekararta 13 kuma maganar fargaba ce da son shiga cikin ƙawaye, ya kusa kaiwa nan. Ƴan biyu ki fara musu da Toy Story 2, sai Finding Dory na 2016, akwai ɓacewa daga iyaye a ciki amma ana haɗuwa kuma dabbar ruwan nan mai hannaye da yawa Hank zai riƙe su da dariya. Kung Fu Panda 2 ki zauna tare da su ku kalla da rana. Toy Story 3 kuma in an zo wurin wutar ƙona shara ki riƙe rimot a hannu.