Waɗanda aka taɓa yi wa allurar baya a kilinik ɗin ciwo, don Allah ku ba ni labari

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda aka yi wa da kansa nake nema, ba wanda ya ji an ce ba, don na gaji da ji an ce. Wata takwas kenan ina fama da ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya bi ɗuwawu ya gangara ta gefen ƙafar hagu har babban yatsa, kamar an jona min wayar wuta, zama shi ya fi tayar min da shi, in atishawa ta zo sai na dafa bango tukuna. An yi hoton MRI aka ce diski, wato 'yar katifar da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wanda ke tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar (L4 da L5) ne ya bullo yana danne jijiya. Diklofenak na sha har cikina ya fara zafi aka ce in daina, firegabalin kuma jiri yake sa ni, fisiyo, wajen gashi da motsa jiki, na je sau shida amma ko kwanciyar da suke so in yi bana iyawa. Yanzu likitan ƙashi ya tura ni kilinik ɗin ciwo, likitar can ta ce zata min efidural, wato allurar baya ta sitiroyid, maganin kwantar da kumburi, ranar Talata. Tunda na dawo gida kowa sai tsorata ni yake wai allura a ƙashin baya shanye ƙafa take. Ya ake yinta, da zafi sosai? Kuma tana aiki kuwa?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni sau biyu aka min, nawa L5 da S1 ne, ƙasa da naki kaɗan, ciwon ta bayan cinya yake bi har diddige. Bari in faɗa miki yadda aka yi tiryan-tiryan don ni ma rashin sanin ne ya hana ni barci daren da za a min. Za su kwantar da ke rub da ciki su sa filo a ƙarƙashin mara, su goge bayan da wani ruwa mai sanyi sosai su rufe da ƙyalle, sai su jawo wata na'urar eksire mai kamar lauje ta tsaya a kanki, likita yana kallon allon ta yana aiki. Allurar farko ta kashe fata ce, ita ce mai zafin, kamar harbin zuma na ɗan lokaci kaɗan. Ta biyun ba zafi na ji ba, nauyi na ji, kamar mutum ya sa babban yatsa yana danna ƙashi. Kafin ya zuba maganin sai da ya zuba wani rini ya nuna min a allo yadda ya bi gefen jijiyar, sannan ya zuba, wallahi a take na ji ciwon nan nawa ya ruga har diddige, na ce likita ƙafata! ya ce yawwa, hanyar da ta saba bi ce ko? na ce ita ce, ya ce to mun samu wurin. Duka duka bai kai minti 20 ba. Sun zaunar da ni kamar rabin awa, ƙafar ta yi nauyi, ɗana ne ya tuƙo ni gida don sun ce kar in kuskura in riƙe sitiyari ranar.

Abin da nake so ki riƙe shine wannan. Yammacin ranar ba ciwo ko ɗigo, na ɗauka shikenan an gama. Washegari ya dawo har ya fi da, hankalina ya tashi. Ashe maganin kashe zafin da aka haɗa ne ya sake ni, shi sitiroyid ɗin sai ya kwana biyu kafin ya fara. Ni a rana ta biyar na fara jin sauƙi na gaske, kuma ya kai ni wajen wata uku. Sai na koma dogon zama a mota da ɗaga kaya kamar ba ni ba, takardar motsa jikin da fisiyo suka ba ni ko buɗe ta ban yi ba, ciwo ya dawo. A karo na biyu likitan ya zaunar da ni ya ce Malam allurar nan bata mayar da diski, kumburin da ke kewaye da jijiyar take kwantarwa, sarari take ba ka ka samu ka motsa, shi diskin sau da yawa da kansa yake raguwa cikin watanni. Wannan karon na bi fisiyo wata uku cur ban tsallake ba. Yau shekara ɗaya da rabi ban koma ba, yana taɓa ni in na daɗe a zaune amma ba irin wancan ba.

Maman Biyu:
Nagode sosai Baba, Allah ya saka da alheri. To ba su sa ka barci ba kenan? ni da nake so ace ban san ma anyi ba

Tsohon Direba:
A'a ido biyu nake, kuma gara hakan, don so suke ki iya faɗa musu in kin ji wani abu daban.

Baban Yara:
Hajiya in kina da suga ki faɗa musu tun kafin ranar. Ni ina da shi kuma na faɗa, sun ce zai hau, amma ban zaci zai hau haka ba, kwana huɗu ina aunawa safe da yamma lambar tana sama, ƙishirwa da fitsarin dare, fuskata tayi ja tana zafi, barci ma ya ƙi dare biyu. Likitan suga na ya ɗan gyara min magani na satin, daga baya ya sauka da kansa. Ciwon ƙafar kam ya ragu kamar rabi, ba duka ba, amma rabin nan ya sa na koma aiki.

Mai Keken Ɗinki:
Ni kam tawa efidural ɗin bata min komai ba, ko na kwana ɗaya, kuma ba don in karya miki gwiwa nake faɗa ba Yaya, naki da nawa ba ɗaya bane. Nawa a ƙugu kawai yake zaune, baya sauka ƙafa, iyakarsa saman cinya, in na miƙe daga kan keke ko na lanƙwasa baya ko na juya a gado sai in ji kamar an soka min ƙusa, shekara huɗu a haka. A wurin farko da na je MRI kawai aka kalla aka ga diski ya ɗan bullo aka ce allura, ko taɓa bayan ba a yi ba, kuma ba na'urar eksire, da hannu kawai aka lalubo. Har yau abin yana min ciwo a rai. Da na canza wuri likitan ya sa ni na tsaya, ya ce in koma baya in karkata dama, na yi ƙara, ya danna gefen ƙashin da yatsa na kusa faɗowa daga gado. Ya ce mutane da yawa da basa jin ciwon komai in aka musu MRI za a ga diskinsu ya bullo, hoto kaɗai baya nuna mai laifi, shi yana zargin ƙananan gaɓoɓin da ke bayan ƙashin ne, faset suke ce musu.

To yadda suka tabbatar shine abin da ya burge ni. Ba magani suka fara ba ni ba, gwaji suka yi, suka ɗiga maganin kashe zafi kaɗan a kan 'yan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga gaɓoɓin, suka ba ni takarda suka ce je ki yi duk abin da ya saba tayar miki da shi, duk awa ki rubuta ciwon daga 0 zuwa 10. Na shiga da 8, na koma gida na hau keke na ɗinka riga guda ina 1, ina ɗinki ina hawaye don na manta yadda zama ba ciwo yake. Da dare ya dawo kamar yadda suka ce zai dawo. Suka sake gwajin wata rana, haka dai. Sannan aka sa min ranar ƙona jijiyar, rediyofirikwensi. Nan ma a farke nake, sun manna min wani faifai mai sanyi a cinya, suka sa allurori, kafin su kunna zafi sai da suka sa wata 'yar wuta suna tambaya ina nake ji, na ce bayana na bugawa dif dif, suka duba ƙafa bata motsi, sannan suka kashe wurin suka kunna, wajen digiri 80 kamar minti ɗaya da rabi kowane wuri. Sati biyu bayan nan fatar wurin kamar ƙunar ruwan zafi, ko zani bana so ya goge ta, na ce na shiga uku na ƙara wa kaina. Sati na uku zuwa na huɗu ya lafa. Wata goma na yi lafiya lau, yanzu ya fara leƙowa don jijiyar tana sake tsirowa, dama sun faɗa min, kuma zan koma a sake, ba ko shakka.

Autar Gida:
Ni matsalar da na samu ciwon kai ne. Allurar ta ɗan huda fatar da ke riƙe ruwan laka, likitan ya faɗa min a take bai ɓoye ba. Kwana biyu bayan nan in na tashi zaune sai kaina kamar zai tsage har ƙeya, in na kwanta rigingine cikin mintuna ya tafi. Kwana huɗu ina kwance bai daina ba sai suka kira ni suka ɗebi jinina a hannu suka zuba a wurin a baya don ya toshe hujin, kafin dare na zauna. Ba kowa yake samu ba, amma in kin ji irin wannan ciwon kan kar ki yi ta haƙuri a gida, ki kira su.

Anti Nas:
Maman Biyu ƙanwata ki kwantar da hankalinki. Ni a irin ɗakin da ake wannan allurar nake aiki, kuma ni ma an taɓa min a wuya, don haka na san tsoron ta ciki da waje. Maganar shanyewar ƙafa, ita laka a jikin babba tana ƙarewa ne wajen L1 zuwa L2, inda za a miki can ƙasa ne, kuma allurar a wajen fatar da ta lulluɓe jijiyoyin take tsayawa, shi yasa ake zuba rinin nan a gani kafin magani. Ba zan ce miki babu haɗari kwata-kwata ba, a 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa akan samu mummunar illa ga jijiya, amma da wuya ƙwarai, ni tsawon aikina ban gani ba. Abin da na fi gani shine mutum ya zo ranar a mayar da shi gida saboda bai faɗi yana shan maganin tsinka jini ba irin wafarin ko kulofidogirel. Ki faɗa musu tun yanzu, kuma kar ki daina da kanki, likitan da ya rubuta shi ne zai ce. In da zazzaɓi ko ƙurji a bayan ko kina zaton ciki shima ki faɗa, saboda eksire. Ba a kuma yawaita allurar, galibi uku zuwa huɗu a shekara ne iyaka don sitiroyid da yawa yana cin ƙashi.

Sai alamun da ba a jira da su ko an yi allura ko ba a yi ba: in fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ko bahaya baki sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu baki jin taɓawa, ko ƙafa tana ƙara rauni kina jan ta. Wannan asibitin gaggawa ne a daren, ba sai Talata ba.

Injiniya:
Ni nawa ya wuce allura, tiyata biyu aka min a baya ciwon ƙafar bai tafi ba, tiramadol kuma ya kama ni har in ban sha ba jikina rawa yake da gumi. A kilinik ɗin ne suka rage min shi a hankali cikin watanni ba tare da sun wulaƙanta ni ba, wannan kaɗai ya isa in gode musu. Daga baya suka gwada min na'urar da ke aika 'yar wuta kusa da laka. Sati ɗaya na yi da siririyar waya a baya batirin a waje an manne da filasta, ba wanka sai goge jiki, da ciwon ya ragu fiye da rabi sannan suka dasa batirin a ƙarƙashin fata saman ɗuwawu. Na je na karanta asalin abin, tun 1965 wasu masana biyu Melzack da Wall suka yi bayanin cewa saƙon taɓawa yana iya tare wa saƙon ciwo hanya a laka, kamar yadda in ka buge gwiwar hannu kake murza wurin ka ji sauƙi, a 1967 aka fara dasa wa mutum irin wannan na'urar. Ciwon yana nan amma daga 9 ya koma 4, ina barci awa shida. Naki bai kai nan ba Hajiya, in sha Allah ba zai kai ba.

Maman Biyu:
Salam 'yan uwa, na dawo in ba ku labari, yau kwana 12. Anyi, kuma komai kamar yadda Baba ya faɗa, har wannan gudun da ciwon ke yi zuwa yatsa lokacin zuba maganin, da ban karanta a nan ba da na zabura daga gadon. Anti, na tambayi likitar maganar rinin, ta juyo min da allon na gani da idona. Kwana na biyu da na uku sun min wuya sosai har na yi kuka, maigida ya ce mu koma, na ce a'a an faɗa min haka zai yi. Ranar shida na farka na gane ban tashi cikin dare ba ko sau ɗaya. Yanzu in zan ba shi lamba daga 8 ya sauko 3, jiya na zauna minti 40 ina yi wa yara aikin makaranta ban miƙe ba. Babban yatsan dai har yanzu a sage yake, likitar ta ce shi yakan daɗe kafin ya dawo. Kwanciyar nan da na kasa yi a fisiyo shekaranjiya na yi ta, sau goma, sun ƙara min tafiyar minti 15 safe da yamma, Alhamis zan koma.