Likitan jini, ko likitan me? Ina neman sunan mai himatoloji da Hausa

Assalamu alaikum. Masana Hausa da ma'aikatan lafiya na Sakkwato, ku taya ni da wata kalma da ta gagare ni tun watan jiya.

Gwaggona muka ɗauko daga Gwadabawa. Wata huɗu tana ramewa, tafin hannunta ya yi fari fat, an ƙara mata jini har sau biyu amma kamar ana zuba ruwa a rariya. Daga ƙarshe aka ba mu takarda zuwa sashen himatoloji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Muna zaune a kan benci sai ta dube ni ta ce, "Ɗana, wanga da za mu gani likitan mi na?" Na ce, likitan jini ne, Gwaggo. Ta ce, "To ai ni jinina bai hau ba."

Nan na ga inda "likitan jini" ya gaza. Bahaushe in ya ji an haɗa jini da asibiti, hawan jini yake fara kawowa a ransa. In ba shi ba, to mai ɗaure hannu ya ɗibi jini a kai gwaji. Duka biyun ba su ne mutumin da nake nufi ba.

Bari in faɗi wane ne shi, don suna ya kamata ya dace da mai shi. Shekara shida ya yi a makarantar likitanci, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi hidimar ƙasa. Sannan ya koma asibitin koyarwa ya sake ɗaukar wasu shekaru biyar zuwa shida, yana duba marasa lafiya yana rubuta jarrabawa mataki-mataki a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta Najeriya da ke Legas, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Abin da ya burge ni da aikinsa, ƙafarsa ɗaya tana ɗakin gwaji, ɗaya tana gefen gadon majiyyaci. Shi zai shafa ɗigon jini a gilashi ya leƙa ta madubin likita ya ga surar ƙwayoyin, shi kuma zai rubuta magani. Masu sikila nasa ne, da waɗanda jininsu ba ya daskarewa in sun yi rauni, da ma'ajiyar jini, da masu lukimiya, wato kansar jini.

Da aka zo duba Gwaggo, ba a tsaya kan jinin hannu ba. An sa allura a ƙashin ƙugunta ta baya aka zuƙo ɓargo. Likitan ya yi mata bayani da Hausa, ya ce, "Inna, ɓargo shi ne gonar jini, mu je mu duba gonar." Gaskiyarsa. A ɓargo ake ƙera jajayen ƙwayoyi da farare da masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwaya lafiyayya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai sikila kuwa kwana goma zuwa ashirin ta mutu, ɓargo ya yi ta fama bai cim ma giɓin ba. Ko dashen da aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, don warkar da mai sikila, dashen ɓargo ne.

Saboda haka shawarata: likitan jini da ɓargo. Da ka ce ɓargo, hawan jini ya fita daga zancen, kuma babu tsohuwar da ba ta san ɓargo ba.

Wani ɗan'uwa malamin Hausa ya ce mini sunan ya yi tsawo, a bar shi "likitan ɓargo" kawai. Malam, ban yarda ba. Za a ɗauka mai ɗori ne ko likitan ƙashi, kuma an bar jinin a baya alhali shi ne abin da majiyyaci ya zo da shi.

Sai ɗan'uwan aikinsa, mai onkoloji, wato mai duba ciwon da ake kira kansa ko daji. A Amurka galibi horo ɗaya ne na shekara uku ya haɗa fannonin biyu. A nan gida kowa da hanyarsa: na jini da ɓargo ya riƙe lukimiya da danginta, shi kuma mai onkoloji ya riƙe kansar mama da ta mahaifa da makamantansu, har da gashi da na'ura. Suna biyu muke buƙata ke nan.

A nan ne nake roƙo da babbar murya a daina cewa "likitan daji". Kalmar daji ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da maganar da kowa ya taso ya ji, wai daji ba ya son allura, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya bazu. Na san wanda ya tattara kayansa ya bar asibiti ranar da ya ji an kira ciwonsa da wannan suna, ya koma neman saiwa, bai dawo ba sai da abin ya ci ƙarfinsa. Ta yaya za a ce wa mutum ciwonsa daji ne, sannan a miƙo masa ledar ƙarin ruwa da allura?

Wata yayata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Ƙanena, a ce kansa mana, ai kowa ya iya." Na yarda kalmar ta zauna a bakin mutanen gari, amma a rubuce tana rikicewa da "kansa" na kai. Ka rubuta "likitan kansa" ka karanta ka ji.

Sankara ta fi mini. Likitan sankara, sankarar mama, sankarar jini. Matsalarta ɗaya, kusancinta da sanƙarau, wanda mutanen Sakkwato da Zamfara ba su manta ɓarnarsa ta 2017 ba. Amma wannan ƙa mai lanƙwasa ce ta raba su, kuma kunne yana jin bambancin. Masu rubutu a waya su riƙa sa lanƙwasar.

In akwai wanda ya san sunan da ake yi wa waɗannan likitoci a Birnin Konni ko Maraɗi, ya kawo mana, wataƙila sun riga mu. Kafin nan, ni dai a takardun da nake fassara wa dangi zan rubuta likitan jini da ɓargo, da likitan sankara. Gwaggo za ta koma ganin likitan jini da ɓargo ranar Talata, ku sa ta a addu'a.