Shin bawa yana jayayya da Ubangijinsa a cikin addu'a?

Maman Biyu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Abin ya ishe ni, sai na amayar. An ba maigidana aiki a gari mai nisa, ya ce mu tafi tare, ga mahaifiyata kwance, ni ce ke jinyarta. Na yi istihara, zuciyata ta ƙi karkata ko'ina. 'Yan'uwana kowa sai ya ce in bar wa Allah, amma babu wanda ya ce zai karɓi jinyar. Daren jiya a sujada har jayayya na yi da Ubangijina, ina kuka ina cewa ya Rabbi, Kai Ka yi wasiyya da iyaye, Kai Ka ba miji haƙƙi, wanne zan saki? Kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Ɗalibi: Allah Ya ba Mama lafiya. Amma 'yar'uwa ki janye kalmar jayayya, ki yi istigfari. Suratul Anbiya aya ta 23 ta ce ba a tambayar Sa kan abin da Yake aikatawa, bayi ake tambaya. Bawa roƙo yake yi.

Kawu: Sannu a hankali, ɗana. Buɗe Suratu Hud aya ta 74. Da tsoro ya tafi daga Annabi Ibrahim, bushara ta zo masa, Allah Ya ce yana jayayya da Mu game da mutanen Luɗu. Aya ta gaba kuma yabon sa aka yi, mai haƙuri, mai yawan ƙanƙan da kai, mai komawa ga Allah.

Ɗalibi: Kawu, ka ƙarasa mana. Aya ta 76 cewa aka yi ya bar wannan magana, umarnin Ubangijinsa ya riga ya zo. Kuma masu tafsiri sun ce da mala'ikun da aka aiko yake maganar.

Anti Malama: To Khaula bint Sa'alaba fa? Sura guda aka sa wa suna Mujadala saboda ita, kan matsalar aurenta, kuma Allah Ya ce Ya ji.

Ɗalibi: Da Manzon Allah (SAW) ta yi jayayyar, Allah kuma ƙara ta kai maSa. Ayar ta raba su. Annabi Yaƙub ma cewa ya yi yana kai kukan baƙin cikinsa ga Allah, Suratu Yusuf aya ta 86. Kai kuka daban, jayayya daban.

Anti Malama: Ai kai kukan ta yi! Mace tana sujada hawaye na zuba, ka zo kana auna mata kalmomi. Ku dai in mace ta yi magana gyara kawai kuke nema.

Ɗalibi: Anti, ba zancen mace ko namiji ba ne, zancen ladabi ne.

Maƙwabci: Ku ba ni dama, ni Kirista ne. A Littafi Mai Tsarki, Farawa sura 32, Yakubu ya kwana yana kokawa da Allah har wayewar gari, ya ce ba zai sake Shi ba sai an sa masa albarka, daga nan aka kira shi Isra'ila. Mu muna ganin wanda ya riƙe Allah haka, bangaskiya ce ta sa. Allah Ya ba mahaifiyarki sauƙi.

Ɗalibi: Mun gode da addu'a, amma wannan ba hujja ba ce a wurinmu.

Kawu: Ga wadda take hujja a wurinka. Ranar Badar Annabi (SAW) ya ɗaga hannu yana naci, yana roƙon Allah Ya cika masa alkawarinSa, har mayafinsa ya faɗi daga kafaɗarsa, Sayyidina Abubakar ya mayar masa ya ce ya isa haka. Yana cikin Sahihu Muslim. A daren Mi'iraji kuma ya yi ta komawa har salla 50 ta dawo 5. Wannan yarinya abin da ta yi ke nan, bakinta ne bai sami sunan ba.

Hajiya Babba: 'Yata, bayan istiharar me kika gani a mafarki? In fari ko kore ne, ki bi mijinki. Ko ki ba malami ya yi miki.

Ɗalibi: Hajiya, da girmanki, wannan ba shi da asali. Hadisin Jabir a Bukhari raka'a 2 ce ta nafila da addu'a, mai buƙata ke yi da kansa. Babu mafarki a ciki.

Hajiya Babba: Tun ba a haife ka ba muke yi muna ganin daidai. Malamanku komai bidi'a.

Ɗalibi: A bar malamanmu, a kawo hadisi.

Hajiya Babba: Ba zan yi sa'insa da ɗan cikina ba.

Anti Malama: Yanzu har Hajiya ba ta tsira ba?

Maman Biyu: Don Allah ni shawara nake nema. In tafi ne ko in zauna?

Ɗalibi: Ki fara janye kalmar tukuna.

Shugaban zaure: To, mu tsaya nan. Abin da aka cimma: jayayya da Allah kuskure ne, kamar yadda Ɗalibi ya tabbatar da ayoyi, sauran kuma sun yi magana ne da tausayi kawai. Mafarki ba sharaɗin istihara ba ne. 'Yar'uwa ta yi istigfari ta bi mijinta.

Kawu: Wa ya cimma wannan? Ayar Hud da hadisin Badar ne tausayi kawai? Kuma a cikinmu babu wanda ya ce ta bi mijinta sai Hajiya, ita ma da sharaɗin mafarkin da kai ka soke yanzu.