Taƙaitawa: Rina Gashin Karnuka Don Gasar Nuna Jinsi

An yi muhawara kan ko ya dace a rina gashin kare kafin a kai shi gasar nuna jinsi, wato gasar da alƙalai ke duba yadda kare ya dace da siffar irinsa. Muhawarar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kusan kowa ya yarda cewa rina kare don ɓoye aibi yaudara ce. Dokokin Kennel Club, ƙungiyar harkokin karnuka ta Ingila, mai shirya gasar karnuka ta Crufts a Birmingham, sun hana sauya launin gashi na asali. Haka ma American Kennel Club a Amurka.

2. Hujjar da ta fi kama ni ta masu kiwo ce. Karen da ya ci gasa shi ake rububin kai wa mata don barbara. Rini kuwa ba ya shiga jini. Mutum ya zuba kuɗi yana sa ran 'ya'ya baƙaƙe wuluk, sai a haifo masu ratsin ruwan ƙasa. An cuce shi, an cuci alƙali.

3. Lafiya: babu wanda ya goyi bayan amfani da rinin gashin mutane. Yana ƙona fatar kare, ga shi kare na lasar jikinsa.

4. Inda aka rabu shi ne alli. Wasu sun ce shafa wa farin kare alli tsabta ce kawai, muddin an kakkaɓe shi tas kafin shiga fili. Wasu sun ce kwalliya ce, daga nan ake zarcewa zuwa baƙanta hancin da ya koɗe. Ina tare da na biyun.

5. Gasar kwalliya, inda ake rina poodle (wani irin kare mai nannaɗaɗɗen gashi) kala-kala a fili, wasu sun ce ba ruwanta da wannan magana tunda ba a ɓoye komai. Wasu kuma tsawon awannin da kare ke tsaye kan tebur ne ya dame su.