Shekarata 42, tsinken gwajin fitar ƙwai kullum layi biyu yake nuna min

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan muna neman haihuwa. Da al'adata duk kwana 28 take zuwa, yanzu ta koma 24. Na sayi tsinken da ake tsomawa a fitsari don gane ranar fitar ƙwai, amma kusan kullum sai in ga layi biyu. Ya zan gane ranar gaskiya? Ko al'adar ce ke shirin ɗaukewa?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa'alaikumus salam Anti. Wannan tsinke ba kamar na gwajin ciki ba ne. Sinadarin LH yake nema, wanda ke sa ƙwai ya fito, shi kuwa kullum akwai shi a fitsari, don haka layi mai dishi-dishi ba komai ba ne. Sai layin gwajin ya kai na kusa da shi duhu ko ya fi shi, sannan a ce ƙwai zai fito cikin awa 24 zuwa 36. Ki cire 17 daga tsawon zagayenki: ke a rana ta 7 za ki fara, kina ƙirgawa daga ranar da jini ya zo. Ki riƙa yi tsakanin hantsi da magariba, lokaci ɗaya kullum, ki rage shan ruwa awa biyu kafin nan don kada fitsarin ya tsinke. Ki karanta cikin mintunan da aka rubuta a kwalin. Tsinken da ya bushe ba a yarda da shi.

Likitar mata: Hajiya, gajartar zagayen tana da dalili. Bayan shekara 40 ƙwayayen da suka rage sun yi kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara sakin FSH, sinadarin da ke sa ƙwai ya girma, don ta zaburar da su. Ƙwai ya nuna da wuri, al'ada ta zo da wuri. Wani lokaci LH ma yakan zauna a sama, tsinke ya yi duhu kwanaki a jere alhali ƙwai bai fito ba. Haka yake yi wa masu PCOS (matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan lokaci), da wadda ta gwada daf da gama shan Clomid (maganin haɓaka ƙwai), har da mai ƙaramin ciki, don haka ki fara yin gwajin ciki.

Abin da zai tabbatar ƙwai ya fito shi ne gwajin jini na furojestaron, sinadarin da ke hawa bayan fitar ƙwai, kwana bakwai kafin ranar da kike sa ran al'ada. Ke rana ta 17 ke nan. Kada ki bi "rana ta 21" da ake yawan rubutawa, ta masu kwana 28 ce. FSH kuma tsakanin rana ta 2 da ta 4 ake ɗauka, kuma yana hawa da sauka wata-wata, sakamako ɗaya ba ya yanke hukuncin ɗaukewar al'ada. A haɗa da AMH (gwajin kimanta yawan ƙwayayen da suka rage), da gwajin sinadarin maƙoƙo, da furolaktin (sinadarin da ke kawo ruwan nono), da sikanin mahaifa. Don Allah kada ki ƙara jira, a shekarunki ba a cewa a bari a cika shekara guda.

Ungozoma: Ku tafi tare da maigida a gwada maniyyinsa, bayan ya ƙaurace wa saduwa kwana 2 zuwa 7. Ki fara shan folik asid maikirogiram 400 kullum tun yanzu. Daga rana ta 6 zuwa ta 13 ku riƙa kusantar juna duk bayan kwana ɗaya, ko me tsinke ya nuna. Kuma ki bar sayen maganin haɓaka ƙwai a kemis ba da takardar likita ba.