Gwaggona kurma ce kuma za a cire mata yanar ido, ya za mu yi?

Slm 'yan group, dan Allah ina neman shawara. Gwaggona ta haura 60, tun tana yarinya sanƙarau ya tafi da jinta, ba ta yi boko ba, da maganar hannu muke magana da ita sai kuma kallon baki. Yanzu yanar ta rufe idon dama, na hagun ma ya fara hazo, likita ya ce aiki za a yi. To abin da ya dameni shine an ce ba a sa mutum barci, allura ake yi a kashe idon kawai yana farke, a lulluɓe fuskar da ƙyalle sai likita ya riƙa cewa kalli sama, kar ki motsa. Ita da ba ta ji, idon da take "ji" da shi kuma an rufe, ta yaya za ta san me ake so? Ga ta da tsoro wlh, ko allurar hannu sai an riƙe ta.

Memba: Allah ya ba ta lafiya. Ni dai kawai ku ce a yi mata allurar barci gaba ɗaya kowa ya huta.

Nas a ɗakin tiyatar ido: 'Yar uwa kar ki fara da maganar barci tukuna. Ana yi idan ya zama dole, amma ga mai shekaru sai an duba hawan jini, suga, zuciya, ga azumin awanni kafin aiki, ga ƙarin kuɗi, kuma ba kowane asibiti ke da mai ba da maganin barcin kullum ba. Aikin cire yana in ba matsala minti 20 zuwa 30 ne. Abin da muke tsoro ba wai rashin ji ba ne, motsi ne na bazata ko tari lokacin da ido ke buɗe.

Abin da muke yi shine magana da taɓawa, kuma tun kafin ranar ake shiryawa ba a kan gado ba. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙe hannunta ƙarƙashin ƙyallen har a gama. In ta matse hannun sau ɗaya lafiya lau, in ta matse da ƙarfi ta ƙi saki to zafi ko tari ke zuwa, nas ta faɗa wa likita ya ɗaga hannu. Daga ɓangarenmu kuma a danna kafaɗa = tsaya cak, a shafa bayan hannu = kina ƙoƙari, saura kaɗan. Kar su wuce 3 ko 4, in sun yi yawa ruɗewa za ta yi. In allurar gefen ido aka yi idon ma ba ya juyawa sosai, so maganar kalli sama kalli ƙasa ba ta cika tasowa ba. Ki gwada mata a gida, ta kwanta rigingine ba filo, ki ɗora mayafi mara nauyi a fuska, ki haska tocila ta sama ki ga ko za ta iya minti 20.

Malamin makarantar kurame: Ƙari a kan na sista. Ku kula da batun tafinta, wato mai fassara. Yaren da muke koyarwa a makaranta tushensa na Amurka ne, maganar hannu ta Hausa daban take, sai a kawo tafinta mai satifiket gwaggo ta yi ta kallonsa ba ta gane komai ba. Wanda ya saba da ita shi ya kamata ya tsaya. Kuma ba alfarma kuke roƙo ba, dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga irinsu. Sannan dan Allah ITA za a yi wa bayani ta yarda, ba a yi ta magana da ke ana tsallake ta kamar ba ta wajen ba, wannan abin yana musu ciwo. Likita ya sauke takunkumi ta ga fuskarsa kafin a shiga.

Mai tambaya: Na gode sosai. To sista za su bar ni in shiga in riƙe hannun?

Nas: Wasu na bari, a ba ki riga da hula, wasu ba sa bari sai dai nas ta riƙe, ki tambaya tun ranar awo kar ki bari sai ranar. In ke mai jiri ce da ganin jini gara ki haƙura, mun sha ɗaukar ɗan rakiya a ƙasa lol. Wani abu kuma, bayan aiki za a rufe idon da bandeji yawanci sai washegari, tunda na hagun ma ba ƙarfi to daren nan kusan ba ji ba gani za ta kwana. Ki nuna mata haka tun yanzu kar ta farka ta fizge, kuma wani ya kwana kusa da ita inda hannunta zai kai. Ki tambayi likita batun alwala da sujada, ruwa bai kamata ya shiga idon ba a kwanakin farko.

Mai tambaya: To madalla, yau da daddare zan fara gwada mata da mayafin. Alamar tarin ce dai nake tunani, dama tana ɗan tari da sanyin nan, in bai tafi ba a ɗaga ranar ko?

Nas: Eh ki faɗa musu, gara a ɗaga da sati ɗaya.