Muhawara: Shin zogale da acca suna hana sankara?

Malamin makaranta: Assalamu alaikum. Wani saƙo yana yawo a nan Jos cewa duk wanda ya lizimci zogale da acca da kayan lambu, ya kuma rabu da sukari, sankara ba za ta taɓa kama shi ba. Ni dai na gamsu, domin kakanninmu ba su san wannan cuta kamar yadda muka san ta yau ba.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, Malam. Kakanninmu sun yi ta rasuwa da kumburin ciki ba tare da wani ya gwada su ba, balle a faɗi sunan ciwon. Cin kabeji da karas irin na kasuwar Farin Gada da hatsi mai dusa yana rage haɗarin sankarar hanji, amma bai ba kowa tabbacin tsira ba. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, shi ya sa Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a 2023, kuma babu kwaɗon zogalen da zai maye gurbin wannan allura.

Malamin makaranta: To, ashe abinci ba shi da wani tasiri ke nan?

Ma'aikaciyar jinya: Yana da shi sosai. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Faransa, ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanji. Sai dai abin da ya fi damuna a ƙasarmu shi ne gyaɗa da masarar da aka zuba a buhu ba su gama bushewa ba, suka yi fumfuna, domin fumfunar tana fitar da guba mai suna afulatoksin wadda ke jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Mai sayar da hatsi: Hajiya, kada ki kashe mana kasuwa. Gyaɗar da ta yi baƙi ai matan da ke yin ƙuliƙuli ne ke saye da araha, kuma wutar suya tana kashe komai.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, nan ne matsalar take. Suya da dahuwa ba sa kawar da wannan guba. A tsince ƙwayoyin da suka motse ko suka sauya launi a zubar, a kuma ɗora buhuna a kan katako, nesa da danshin ƙasa, musamman da damina.

Mai sayar da hatsi: Na ji, amma idan na zubar da mudu biyu a kowane buhu, wa zai biya ni asarar?

Malamin makaranta: Ni kam zan ci gaba da cin zogalena. Hajiya, a ina ake gwajin ciwon hantar nan?